Batir Huɗu Zuwa Arfa

Samarin yanzu in sun ga ana canza batir sai su taɓe baki. A wurinsu aikin bai wuce jar waya ta tafi nan, baƙa ta tafi can, a ɗaure da sifana, a karkaɗe hannu ba. Wani ma ya taɓa ce mini, ina zaune a ƙofar warshata, wai wannan ai ko matarsa za ta iya. Ban yi musu da shi ba, don na san matar, ta fi shi hankali nesa ba kusa ba. To amma tunda kun ce aikin ba komai ba ne, ku gyara zama in ba ku labarin wasu batura huɗu da na ɗaura wa wata mota a nan Madina, waɗanda Hajjin ƙarshe na wani tsoho ya rataya a kansu, har ma da ransa.

Kafin nan sai kun san wanda ke magana. Sunana Sabo, mutumin Haɗejiya ne ni. Na zo sauke farali a farkon shekarun saba'in, Allah ya sa da rabon zama, na samu igama, wato takardar izinin zama, na shiga warshar Usta Bello. Warsha ita ce gareji a bakin mutanen nan, usta kuma shi ne gwanin da ake koyo a hannunsa. Usta Bello Bahaushen Sudan ne, a hanyar Hajji aka haife shi, aikinsa wutar mota, abin da a gida muke cewa riwaya. Shekara guda cur na yi a wurinsa ban taɓa waya ba. Aikina in ɗauko batir, in sauke batir, in wanke kawunansu da ruwan zafi da soda. Duk rigar da na mallaka sai da ruwan batir ya yi mata huji-huji kamar rariya, har mai wankin unguwarmu ya ce in daina ba shi kunya a kan igiyar shanya.

Usta ba mai yawan magana ba ne, amma yana da ƙotar sukudireba, ita ke yi masa tafinta a bayan hannuna. Da ita ya koya mini cewa baƙar waya ake fara cirewa, ita ce kuma ta ƙarshen mayarwa. Da ita ya koya mini kada in zare waya sai na ɗaura mata ƙyalle na rubuta inda ta fito. Abin da ya fi matsa mini a kai kuwa shi ne komawa. In an gama aiki mota ta tafi gida, washegari sai ka bi ta ka duba. Wata rana na ce masa, "Usta, ai an gama, mai mota ma bai yi kuka ba." Ya ce, "Ya zol, aikin da ba ka gani a gidan mai shi ba, ba ka san shi ba tukuna. A warsha kowace mota mai ladabi ce."

Ranar da ya yaye ni, ya ba ni kwan gwaji mai jelar waya, da filaya, da wata sifana da ya naɗe jikinta da salatif don kada ta haɗa kan batir da ƙarfen mota. Sai kuma ma'aunin ruwa, wanda shi ne idona a wannan sana'a. Siririyar kwalba ce mai robar matsawa a ka, da wani ɗan abu mai iyo a ciki. Ka zuƙo ruwan batir, in abin ya taso sama ruwan na da ƙarfinsa, in ya nutse ya salance. Ku kuna da na'urori masu lambobi yanzu, madalla, amma lamba ba ta nuna muku launin ruwa.

Shekarar da na buɗe tawa warshar, a hanyar da ke fita zuwa Khaibar, ita ce muguwar shekarata, kuma ba wanda ya jawo mini sai ni. A garin nan da an kira salla ake rufe kowane shago. Ran nan na jona batura shida a caji, aka kira azahar, na ja ƙofar ƙarfe na rufe ruf, na tafi masallaci, daga can na zarce cin abinci. Batir in yana caji yana fitar da wata iska da ba a gani, wadda ƙyallin wuta kaɗan ya ishe ta. Na san da haka sarai, Usta ya faɗa mini har ya gaji. Na dawo na ɗaga ƙofa rabi, na sunkuya na zare maƙalin caji ban kashe na'urar ba. Ƙarar da ta tashi har masu gasa burodi a ƙarshen layi suka ji. Tabon da kuke gani a kuncina na hagu daga nan ne, kujerun wata tasi da ke ciki kuma suka ƙone ƙurmus. Maƙwabta suka laƙaba mini Abu Nar, wato uban wuta. Wata da watanni ba mai kawo mini aiki sai mai son a canza masa kwan fitila, shi ma sai ya ja da baya ya tsaya daga nesa yana leƙe.

Ina cikin wannan zaman kashe wando ne, ranar ɗaya ga Zulhajji da hantsi, wata doguwar farar mota ta tsaya a ƙofata ta tare mini rana. Karafan ce, irin motar nan ta Amurka mai ɗaki a ciki, da gado da wurin wanke hannu da fanka. An shiga shekarun tamanin a lokacin, Hajji na faɗowa a tsakiyar zafi, irin zafin da in ka manta sifana a rana sai ka nemi tsumma kafin ka ɗauka. Wani magidanci ya sauko sanye da farar jallabiya. Haifaffen nan ne, Hausarsa na tafiya tana tuntuɓe da Larabci.

"Salamu alaikum. Kai ne Usta Sabo?"

"Ni ne. Ko da yake na san ba da wannan sunan aka kwatanta maka ni ba."

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Wallahi ya usta, ba zan ɓoye maka ba. Warsha biyu na je, sun yi, bai yi ba. Sauran kuma bas ɗin alhazai sun cika musu ƙofa. Kai kaɗai na samu zaune."

Sunansa Abdul'aziz. Mahaifinsa shi ne Alhaji Mamman na unguwar Azizya, wanda kowa ke kira Baba Sagga. Sagga shi ne mai ga-ruwa a bakin mutanen Hijaz, kuma tsohon ya yi wannan sana'a tun kafin famfo ya shiga gidajen Madina. Yanzu ya haura tamanin, ƙafafu sun ƙi, ciwon suga ya kama shi, kullum sai an yi masa allura, allurar kuma dole ta zauna a sanyi. Duk da haka ya kafe sai ya ƙara Hajji ɗaya. Shi ya sa ɗan ya sayi karafan ɗin na hannu, ya samo takardar izinin shigar da ita, ya sa mata ɗan ƙaramin firiji mai aiki da batir. Tukunyar gas an hana kunna ta a can saboda gobara, janareton motar kuma ya daɗe da mutuwa. Komai ya koma kan batura, su kuwa cikin wata biyu an canza su sau biyu, duk sun mutu.

"Abuya ya ce ko a kafaɗa za a ɗauke shi sai ya tsaya Arfa bana," in ji Abdul'aziz. "Daktur ya ce in allurar ta sha zafi ta lalace, ko shi ya wuni ba iska, khalas, shi ke nan. Ran bakwai ga wata za mu tashi. Za ka iya?"

Ban ce zan iya ba. Na ce ya buɗe mini akwatin batura.

A nan ne wanda ya ce aikin ja da baƙi ne kawai zai fara zufa. Irin wannan mota batir iri biyu gare ta. Akwai na tashi, wanda ke murza inji, shi ƙarfinsa na lokaci ɗaya ne, ya yi kukan kura ya huta. Akwai kuma na gida, masu riƙe fanka da fitila da firiji in an kashe inji. Su jakin kaya ne, ba gudu ake nema a wurinsu ba, jimiri ake nema. Waɗanda suka riga ni sun sa baturan tashi a gurbin na gida, sun kuma haɗa su da na injin da wata 'yar siririyar waya, ta yadda in firiji ya shanye na gida sai ya zarce ya shanye na tashi. Kuskure ne babba, amma ba irin wanda zai kashe sabon batir cikin wata guda ba.

Na kwance murafun, na haska ramukan. Abin da na gani ya ɗaure mini kai. A zafin Madina ruwan batir ƙasa yake yi, amma waɗannan kowane rami cike yake maƙil har baki. Na zuƙo da ma'auni, ɗan abin ya nutse can ƙasa, ruwan kuma ya yi hazo-hazo. Tiren ƙarfen da suke zaune a kai ya ci tsatsa, ga farin gari ko'ina. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza. Na tambayi Abdul'aziz wa ke ƙara musu ruwa, ya rantse bai taɓa buɗe su ba, bai ma san ana buɗewa ba. Na bar maganar a nan, don kwana shida ya rage, ba lokacin bincike ba ne.

Samun baturan da suka dace ya ci mini kwana biyu. Masu kaurin faranti nake nema, waɗanda muke kira masu shida, ba masu sha biyu irin na ƙananan motoci ba. Na zaga shagunan gari ban samu ba, ƙarshe na sauke girman kai na tafi wurin Usta Bello, wanda tun gobarar nake jin nauyin haɗa ido da shi. Ya saurare ni har na gama, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, sannan ya sa takalminsa ya kai ni wurin wani mai sayar wa manoman dabinon Khaibar kayan injin ban-ruwa. A can ƙuryar sitonsa muka tono guda huɗu, busassu, ba a taɓa zuba musu ruwa ba. Ni na zuba musu da hannuna, na ba su caji a hankali a bayan warsha, a fili ƙarƙashin rumfa inda iska ke wucewa. Da an kira salla in kashe na'ura, in zare, sannan in tafi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Ɗaurin ya ɗauke ni wuni guda da rabi. Wayoyi goma sha ne suka taru a akwatin nan kamar taliya, kowace sai da na bi ta da kwan gwaji na san inda ta nufa, na ɗaura mata ƙyalle, na zana taswirarta a bayan kwali. Sannan na zo kan jerin. Ka ɗauki batir biyu ka haɗa jan kan wannan da baƙin kan wancan, shida da shida sun zama sha biyu. Ka yi wa sauran biyun haka. Sai ka jera tagwayen nan kafaɗa da kafaɗa, ja da ja, baƙi da baƙi. Ƙarfin yana nan sha biyu, amma jimirin ya ninka. Ka kuskura ka jera duka huɗun a layi ɗaya, ka tura ashirin da huɗu cikin firijin da sha biyu yake ci, sai dai ka ji ƙauri. Wayoyin haɗin na yanka su masu kaurin babban yatsa, tsawonsu ɗaya, na ɗauki ja daga tagwayen dama, baƙi daga na hagu, don kada wasu su yi ta dako wasu na barci. Na sa fis taƙi ɗaya daga jan kai. Tsakanin na gida da na tashi na sa katawut, wani ɗan ƙarfe da ke haɗa su in inji na aiki don dukansu su sha caji, ya raba su da an kashe. Na huda akwatin sama da ƙasa don iska ta fita, na tokare baturan da katako, na ɗaure da ɗamara saboda gargadar hanya, na shafe kawunansu da giris.

Ran biyar ga wata na gwada. Tun fitowar rana na kashe inji, na kunna fanka biyu da firiji, na sa kofin ruwa a ciki. Ina idar da magariba na buɗe, ruwan har yana kama haƙori, fankoki na juyi abinsu. Na murɗa makulli, inji ya tashi bugu ɗaya. Abdul'aziz ya rungume ni ya ja motarsa ya tafi, yana ta "mashallah, mashallah."

Da ɗayanku ne, aiki ya ƙare ke nan. Ni kuwa ramukan nan da na gani cike maƙil sun tsaya mini a rai, ga kuma karatun Usta. Washegari da hantsi na rataya jakar kayan aikina, na hau bas zuwa Azizya.

Na iske motar a inuwar katangar gidan, akwatin batura a buɗe. Wani tsoho baƙi siriri na zaune a keken guragu dab da shi. Ya kwance murafun batir ɗaya ya jera su a cinyarsa, yana riƙe da 'yar butar silba. Ina kallo ya yi bisimilla, ya tsiyaya a ramin farko har ya tumbatsa, ya matsa na biyu.

"Baba, tsaya!"

Ya ɗago a hankali ya dube ni sama da ƙasa. "A garinmu sallama ake fara yi."

Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na ce ni ne Sabo da ya ɗaura baturan. Ya sa mini albarka, ya ɗaga murya ya ce a kawo wa baƙo shayi. Sai da aka miƙo tire daga cikin gida sannan na samu bakin tambaya.

"Baba, wane ruwa ne a butar nan?"

"Wane ruwa kake tsammani zan ba motar da za ta kai ni Arfa? Zamzam ne. Kullum da hantsi, in yaron nan ya tafi wurin aikinsa, nake fitowa in shayar da su. Wanda ya sayar mana da motar da bakinsa ya ce batir na shan ruwa, kada a bar shi da ƙishi."

A nan na yi wautar da ta kusa ɓata komai. Na ce, "Baba, ai ruwan nan ne ke kashe su."

Fuskarsa ta canza nan take. Ya ajiye butar a cinya ya dafe ta da hannu biyu.

"Zamzam ne ke kisa? Ka ji tsoron Allah, ya waladi. Da ƙafata na taho daga ƙasar Kano ina ɗan shekara tara, na ga inda ƙishi ya kwantar da manya a hanya. Shekara talatin ina ɗaukar moya a kafaɗar nan gida-gida a garin Manzo. Ni za ka koya wa ruwa? Ba kai ba ne aka ce ka ƙone warsharka?"

Maganar ta soke ni, kuma gaskiya ya faɗa. Na sa cokali ina juya shayi. Ina iya gaya wa Abdul'aziz ya sa kwaɗo a akwatin, amma na san irin waɗannan tsofaffi, sai ya sa an ɓalle masa. Ga shi za su yi sati a inda Zamzam ya fi ko'ina yawa, ɗan na fama da tuƙi da cunkoso, uban na zaune kusa da batura da butarsa. In ban shawo kansa a nan ba, to a tsakiyar ranar Arfa fanka za ta iya tsayawa, allura ta lalace. Kuma ba a shawo kan mutumin da ya shekara tamanin da gardama.

Na ce, "Baba, na yi kuskuren magana, ka yafe mini. Ka ba ni izini in nuna maka wani abu."

Na tura kekensa can nesa da motar, don wuta zan kunna, ni kuwa na gama kunna wuta kusa da batir har abada. Na ɗauki cokula biyu daga tiren shayi. Ɗaya na roƙe shi ya ɗiga mini Zamzam, ɗaya na zuba tataccen ruwan da nake yawo da shi a kwalba, wanda ake tara shi daga tururi. Na kunna 'yar fitilata ta narka dalma, na ɗora su ɗaya bayan ɗaya har suka ƙafe. Na miƙa masa. Cokalin tataccen ruwa wayam, kamar ba a zuba komai ba. Na Zamzam kuwa ya bar farin shafi a ƙasansa.

Ya shafa da yatsa, ya kai bakinsa ya ɗanɗana.

Na ce, "Baba, wannan farin yana cikin abin da Allah ya sa a ruwan nan, shi ya sa mai shansa yake ƙoshi. Mutum yana da ciki, ya sha ya amfana. Batir ba shi da ciki. In abin ya shiga sai ya liƙe a farantansa ya toshe su. Shi ruwan da ba komai a cikinsa yake sha, irin na wancan cokalin. Ba Zamzam ne ya gaza ba, batir ne bai kai matsayinsa ba."

Hannunsa ya saki butar kaɗan. Na mayar da shi wurin motar na nuna masa ƙasa, daidai ƙarƙashin akwatin, inda turɓaya ta yi fari ta ƙeƙashe.

"In aka cika shi har baki, da ya ɗau zafi sai ya amayar. Ruwan ƙarfinsa ya fita, ya tafi da naka. Ga inda suke zuba."

Wurin kan hanyar shiga gida ne, ga sawun takalma birjik, har da na kyanwa. Tsohon ya daɗe yana kallo. Da ya buɗe baki muryarsa ta yi ƙasa.

"Wata biyu ke nan ina zubar da Zamzam a inda ake takawa da takalmi? Astagfirullah. Astagfirullah."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, don ba da wasa ya yi abin da ya yi ba. Mafi darajar abin da ya mallaka ya ba motar. Na ga in na raba shi da aikin nan gaba ɗaya na karya shi. Sai na zuƙe rarar ruwan da ya zuba da ma'aunina, sau ɗaya dai ba ya kisa. Na haska masa ramin da tocila na nuna masa farantan, na ce ruwa ya rufe su da faɗin yatsa ɗaya, ga ma layi a jikin ramin, kada ya wuce shi. Na ɗora masa kwalbar tataccen ruwan da tocilar a cinya.

"Abdul'aziz zai yi fama da tuƙi, ni kuma ba na wurin. Kai ne sagga, Baba. Baturan nan a hannunka na bar su. Kullum da safe ka leƙa, wanda ya nema ka ba shi, wanda bai nema ba ka ƙyale shi."

Ya juya kwalbar a hannunsa, ya ɗaga ta ya duba a hasken rana. "Yanzu ka yi magana," in ji shi. "Sake nuna mini layin."

Ran bakwai suka tashi. Ranar Arfa Madina ta yi tsit, shaguna a rufe, ina azumi ina zaune a ƙofar warsha da rediyo. Zafin ranar nan ko a inuwa numfashi sai da dabara. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Na bi wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya a cikin kaina ya fi a ƙirga, ina tambayar kaina ko na ɗaure wancan kan sosai, ko fis ɗin zai jure, ko tsohon zai riƙe maganarmu in ya ga jarkokin Zamzam a gabansa. Ba tarho a motar, ba wanda zan tambaya. Haka na yi Salla, haka na ci naman layya ba tare da na ji ɗanɗanonsa ba.

Kwana shida bayan Salla, da la'asar sakaliya, farar motar ta tsaya a ƙofata, ta yi butu-butu da ƙura. Abdul'aziz ya sauko da aski ƙwal, ya rame, ya yi baƙi. Na kasa tambayarsa, fuskarsa kawai nake karanta. Shi kuwa bai tsaya gaisuwa ba ya kama ba ni labari, rabi Hausa rabi Larabci. Tun hantsi suka kashe inji a Arfa, fanka ba ta tsaya ba har rana ta faɗi, allura na nan da sanyinta. Da rana ta take, mutane suka fara zubewa a kusa da su, Baba ya ce a buɗe ƙofa. Aka shigo da wasu tsofaffi biyu mutanen Nijar da wata tsohuwa Baturkiya, aka kwantar da su gaban fanka ana ba su ruwan sanyi daga firiji.

"Na ce masa ya abuya, batir zai ƙare. Ya ce in yi shiru, shi ya san abin da ke cikin baturansa. Da magariba na murɗa makulli, wallahi bugu ɗaya, ya usta. Shiga, yana kiranka."

Na hau motar. Baba Sagga na jingine a gado, shi ma da askinsa, idanunsa sun faɗa amma suna ƙyalli. Na durƙusa na yi masa barka da dawowa.

"Na tsaya Arfa, Sabo," ya ce. "Tun daga zawali har faɗuwar rana, da hankalina, da bakina. Na kira sunanka a can, kai da iyayenka."

A duk shekarun da na yi ina wannan sana'a ban taɓa jin daɗin aiki kamar na wannan lokacin ba, kuma ban ji kunyar hawayen da ya zubo mini a gabansa ba. Ya laluba gefen gado ya ɗauko butar silbar nan, ya tsiyaya a kofi, ko ɗigo bai zube ba.

"Ungo. Kai kana da ciki."

Na miƙe na fuskanci alƙibla na sha kurɓi uku. Ya jira har na sauke kofin, sannan ya nuna ƙofa da haɓa.

"To je ka duba mini su, ka ga ko na riƙe amana."

Na sauka na buɗe akwatin. Tiren a bushe, kawunan tsaf da giris ɗinsu. Na kwance murafun ɗaya bayan ɗaya ina haskawa, shi kuma ya sa ɗansa ya ɗaga shi zuwa taga yana leƙo ni. Rami goma sha biyu ne a batura huɗu. Ko ɗaya bai gaza layi ba, ko ɗaya bai wuce ba.